Gargaɗi ga masu neman tsohon kwale-kwalen tsere: kada ku tura kafin alƙalami

Jama'a, masu sha'awar ƙananan jiragen tsere da iska ke turawa, a yi hattara. Akwai wata damfara da ta yi kaka-gida a shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma ta fi kama sabon shiga, wanda ya ɗan koyi tuƙi a kulob ya fara kwaɗayin mallakar nasa.

Za ka ga talla a Facebook ko wani shafi makamancinsa. Tsohon jirgi ne samfurin Laser, ko Enterprise mai shuɗin filafili (ƙyallen da iska ke turawa), ko Mirror mai ja. Hotuna tsaf, jirgi yana sheƙi a kan tirela, an haɗa da murfi da filafili biyu, farashi kuma ya yi ƙasa da na kowa. Ba ya faɗuwa warwas yadda za ka tsargu, ana dai rage shi daidai yadda zuciyarka za ta ce maza kada wani ya riga ka. Kana tura saƙo amsa za ta zo nan take, da ladabi da labari mai ban tausayi. Jirgin na mahaifinsa ne da ya rasu, ko aiki ya kai shi wata ƙasa, ko aure ya mutu yana son rabuwa da kayan. Ko wane labari ne, ƙarshensa ɗaya: ba zai samu damar nuna maka jirgin yanzu ba, ga mutane suna ta damun sa, amma ya ga kai mutumin kirki ne, idan ka tura ɗan kafin alƙalami zai ajiye maka.

Babu jirgin. Hotunan na wani ne, an kwaso su daga tsohuwar talla.

Abin da ya sa dabarar take ci shi ne kuɗin ba su da yawa. Wanda zai sayi babban jirgi yakan ɗauko gwani ya duba masa, a rubuta yarjejeniya. Mai sayen tsohon kwale-kwale kuwa gani yake abin bai kai a yi wannan wahalar ba. Macucin ya san haka sarai, ya kuma san ba kowa zai kai ƙara a kan ɗan abin da ya tura ba, wani ma kunya za ta hana shi faɗa wa abokansa. Shi kuma jirgi ɗaya na bogi ya ishe shi ya karɓi kafin alƙalami a hannun duk wanda ya leƙo.

Ku lura da hanyar da yake so a biya shi. Zai ce a tura ta PayPal amma a zaɓi sashen 'yan uwa da abokai, wai don gudun caji. Wannan sashen ba shi da kariyar mai saye, kuma dalilin ke nan. Ko ya ce Western Union, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto. Wanda ya fi gogewa zai kawo maka wani kamfanin jigila ko na riƙe amanar kuɗi, mai shafi da tambari da lambar bin sawun kaya, alhali shi ya ƙirƙire shi. Da ka biya na farko sai kuɗin inshora ya taso, bayansa na ajiya, a yi ta tatsar ka har ranar da ka farga.

Gano shi ba wuya, domin jirgin tsere yana da lamba, lamba kuma ba ta goyon bayan maƙaryaci. Ɗauki Laser, wanda Bruce Kirby ya zana, aka fara sayar da shi a 1971, yanzu kuma ake tserensa da sunan ILCA. An ƙera fiye da 200,000, lambobinsu suna tafiya bi da bi, kuma lambar jikin jirgi ita ce ya kamata a gani a filafilinsa. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan tambari mai ɗauke da wannan lamba manne a bangon baya na wurin zaman matuƙi. Ka ce ya ɗauko maka hoton wannan tambarin da takarda a gefe mai ɗauke da sunanka da kwanan watan yau. Idan ya ce jirgin bai wuce shekara goma ba, lambar kuma ba ta kai 100,000 ba, to jirgin nan ya ba shekara 40 baya. A Amurka, tun daga 1972 doka ta sa a buga wa jiragen shaƙatawa lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12 a bangon ƙarshen jirgin na baya, ta hannun dama. Idan ka ga an goge wurin da fayil ko an cike shi da fenti, juya ka tafi, mai yiwuwa na sata ne. Filafili kan iya zama na wani jirgin, don mutane suna sayen na hannu, wannan ba laifi ba ne. Amma mai jirgi na gaskiya zai yi maka bayanin hakan ba tare da in-ina ba.

Sa hotunan a Google Lens ka ga inda suka taɓa fitowa. Nemi kiran bidiyo yana tsaye kusa da jirgin. Tambaye shi kulob ɗin da yake ajiye shi, ka kira su da kanka. Ni nakan ƙara da tambayar da sai wanda ya taɓa jiƙewa a cikin jirgin zai iya amsawa, misali ta ina yake shan ruwa. Duk tsohon jirgi yana da inda yake shan ruwa, mai shi kuma zai yi dariya ya faɗa maka. Macuci zai ce lafiyarsa ƙalau kamar sabo.

To, akwai ƙanin wannan damfarar, kuma shi ya fi ba ni haushi, domin nan jirgin yana nan, ruɓaɓɓe ne kawai aka yi masa kwalliya. Irin su GP14 na 1949 da Enterprise na 1956, duk zanen Jack Holt, da Mirror na 1962 da ya yi tare da Barry Bucknell, da Fireball na Peter Milne, tsofaffinsu da yawa na katakon filawud ne. Ruwan sama da ya kwanta a ciki shi ke cinye su, ya fi ruwan da ake tuƙi a kai ɓarna. Ruɓa takan fara daga gindin akwatin allon tsakiya (allon da ake zurawa cikin ruwa ta ƙasan jirgi), da kusurwoyin bangon baya, da cikin tankokin iska da ke hana jirgi nutsewa. Mai son cuta zai cusa fila irin ta masu gyaran jikin mota, ya goge, ya shafa fenti mai kauri har cikin jirgin inda a da banish ne ake ganin ƙwayar katako. Sabon fenti a kan jirgi mai shekara 50, ba hoton aikin da aka yi a ƙarƙashinsa, ba abin murna ba ne. Danna babban yatsanka da ƙarfi a waɗannan wuraren. Buɗe murfin tanki ka sa hanci, warin ruɓaɓɓen katako ba ya ɓuya. Ƙwanƙwasa da bayan sukudireba: lafiyayyen wuri yana amsawa ƙwas-ƙwas, ruɓaɓɓe kuma dum-dum.

Na faiba ma ba su tsira ba. A Laser, cika ramin da jigo (sandar da ke riƙe filafili) yake zama a ciki da ruwa har baki, ka tsaya kuna hira. Idan ruwan ya sauka, ramin ya tsage, kuma wata rana cikin iska mai ƙarfi jigon zai ɓalle ya yage saman jirgin. Ɗora tafin hannu a inda matuƙi yake zama ka danna, idan ya lotsa yana ƙara, faibar ta rabu da soson da ke tsakiya. Sannan ku ɗaga shi ku biyu. Gangar jikin Laser kusan kilo 59 ce. Wanda ya yi nauyi fiye da kima ya sha ruwa, ba kuma zai ci tsere a haka ba ko wa ya tuƙa shi.

Kada a fahimce ni a baibai, duk waɗannan ana gyara su da ifoksi (wani gam mai ƙarfi) da haƙuri, kuma rabin daɗin tsohon jirgi a gyaran yake. Wanda ya nuna maka ciwon da yatsa ya rage kuɗi, saya ka gode masa. Wanda ya rufe da fenti ya ce kada ka danna za ka ɓata masa aiki, shi nake nufi.

Masu sayarwa, ku ma ana farautar ku. Wani zai ce ya saya ba tare da ya gani ba, ya turo cek ko shaidar biya ta bogi da ta zarce farashi, ya roƙe ka ka miƙa rarar ga direban da zai zo ɗauka. Cek ɗin zai dawo babu komai, rarar kuma daga aljihunka ta fita.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya kira bankinsa yau, kada ya bari sai gobe. Ya adana saƙonni da rasit da hoton tallar kafin a goge ta, ya kai rahoto ga shafin da 'yan sanda, ya kuma sanar da ƙungiyar masu irin wannan jirgin lambar da aka yi amfani da ita, domin mai jirgin na ainihi ya san ana cinikin biri a sama da hotunansa. Idan kuma bayan kwana biyu wani ya ɓullo yana cewa zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya shi ɗan wani abu, toshe shi, yawanci su ne dai suka sake dawowa.