Hattara da masu tallar kujerun zamani a Facebook, an fara cutar mutane a Garwa

Jama'ar Garwa, Marwa da Ngaundare, musamman iyaye mata masu haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki, a kula da wani shafi a Facebook mai tallar kujeru da gadaje da tebura na zamani. Hotunan na da ɗaukar ido, ba ƙarya: kujera mai ƙafafun katakon iroko an lulluɓe mazauninta da jar fata, madubi mai kewayen saƙar kaba, har da tukwanen furanni na jerawa a baranda. Mai shafin yana cewa wajen aikinsa na Yawunde, fatar kuma daga majeman Marwa yake saro ta. Ba zan kama suna ba, don sunan shafin ma canzawa yake yi. Yayata ta faɗa hannunsa, haka ma wata maƙwabciyarta a Yelwa.

Abin da ya sa tarkon ke kamu shi ne kowace ƙaryarsa a jingine take da gaskiya. Kowa ya san katako mai kyau daga kudu yake zuwa mana, jirgin ƙasa kuma a Ngaundare ya tsaya, daga nan sai mota ta ɗauko kaya zuwa Garwa ko ta wuce Marwa. Kowa ya san akwai shingen bincike a hanya. Jimar Marwa kuwa ba ta buƙatar talla. To da waɗannan yake gina maganarsa.

Zai fara da neman rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, ta Orange Money ko MoMo. Da yayata ta ga sunan da ya fito ba nasa ba ne, sai ya ce: "Hajiya, kada ki damu, lambar ƙanena ce, shi ke riƙe da asusun shago." Ta tura sefa dubu 250. Ya aiko bidiyon wasu kafintoci suna goge katako, babu fuskarsa, babu allon shago. Bayan an ɗan kwana biyu ya kira da murya a raunane, wai kaya sun iso Ngaundare amma ma'aikatan gandun daji sun tsare motar, sai an kawo dubu 60 kafin magariba. Biki saura mako biyu, an riga an raba goro, wace uwa ce za ta tsaya ciniki? Ta tura. Washegari lambar a kashe.

Maƙwabciyar ita an kawo mata kaya, kuma a ganina tata cutar ta fi ciwo, domin har kuɗin cikon ta biya. Abin da aka sauke mata ayus ne aka shafe da fenti mai duhu. Ayus ba mugun katako ba ne, kafintocinmu na aiki da shi kullum, amma fari ne, marar nauyi, mai taushi, kuma gara ba ta jin kunyarsa. Iroko na da nauyi, launinsa ruwan ƙasa ne mai ƙara duhu da shekaru, gara kuma ba ta cika samun sa'arsa ba. Ba sai ka zama kafinta ba kafin ka bambance su. Ɗaga kujerar da hannu ɗaya, sannan ka kifa ta, ka danna farce a ƙarƙashi inda fenti bai kai ba. In farcen ya shiga, an gama magana. Ga kuma matsalar da ko mai gaskiya kan yi sakaci da ita: katakon da aka haɗa a laimar kudu bai gama bushewa ba, da hunturunmu ya buge shi sai ya tsage, mahaɗansa su saki. Fatar ma roba ce. Ta gaske ana gane ta a wari, bayanta kuma da kaushi, ba zaren yadi ba.

Furannin ba zan ɓata bakina a kansu ba. Shukar da ke hoto a baranda mai sanyi ba za ta ga ƙarshen watan Afrilu a Garwa ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Masu dashe na bakin titi sun fi kowa sanin abin da ke rayuwa a nan.

Ɗan yayata ne ya saka hoton kujerar a Google Lens (manhajar bincike da hoto) daga baya, sai ga ta a shafin hotuna na Pinterest, aikin wani shago na ƙasar waje. Minti ɗaya ya ɗauke shi. Wanda ke son irin wannan zubi ya kai hoton wa kafintan da ya san ƙofar shagonsa, a sayo katakon a gabansa, fata kuma a samo wajen dukawan cibiyar sana'o'in hannu da ke gefen babbar kasuwar Marwa. In kuwa dole sai daga nesa, a nemi kiran bidiyo kai tsaye daga cikin shago, a tura ɗan uwa na can ya je ya gani, kuma in an ce kaya na hanya a nemi rasit ɗin kamfanin motar, a kira ofishinsu.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta rufe masa baki. Yayata cewa ta yi: "Ƙanena, a bar shi da Allah, kada surukai su ji." Na ce mata Yaya, Allah na nan, amma shirun ne ke ba macucin ta gaba. Damfara laifi ce a sashe na 318 na kundin laifuffukan Kamaru, hukuncinta ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ga kuma dokar laifukan intanet ta Disamban 2010, da ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, mai karɓar irin wannan koke. Kada a goge saƙon shaidar tura kuɗi ko hirar WhatsApp. A buga su a takarda, a fara sanar da ofishin kamfanin waya, sannan a kai ƙara wajen jandarma ko 'yan sanda. Mu mun kai tamu, in akwai wanda abin ya shafa ya zo a haɗa takardu wuri ɗaya.