M-346: a makaranta gwani ne, a fagen daga sai da lissafi

Jirgin nan M-346 na kamfanin Leonardo na Italiya na daɗe ina bibiyarsa, kuma gaskiya in dai maganar koyar da matuƙan jirgin yaƙi ake ban ga abin kushewa ba. Kamfanin Aermacchi, wanda yanzu ke cikin Leonardo, shi ya faro aikin tare da kamfanin Yakovlev na Rasha, shi ya sa in aka jera shi da jirgin Yak-130 na Rashan sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya ne, a 2000 aka raba gari kowa ya kama gabansa, na Italiyan ya fara tashi a 2004 da injin Honeywell F124 guda biyu.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne cikinsa. Ɗalibi na zaune gaba, malami na baya kujerarsa ta ɗan ɗaga yana hango komai, sai kwamfutar jirgin ta ƙirƙiro wa yaro abokan gaba a allo, ya ga jirgi na tunkaro shi alhali sama fayau ba kowa, ya danna ya saki makami mai linzami na ƙarya, in an sauka a zauna a duba ko ya samu ko ya yi ɓarin ruwa. Ko harsashi ɗaya ba a ƙona ba fa. Isra'ila ta sayi 30 ta sa masa suna Lavi, Singafo 12, Poland kuma Bielik suke ce masa, kuma waɗannan ƙasashe duk masu jirgin yaƙi na F-16 ne, sun san abin da suke nema.

To sai kuma samfurin yaƙin, M-346FA, wanda aka nuna a bajekolin jirage na Faris a 2017. An sa masa na'urar rada Grifo-346, wurin rataya makamai bakwai, yana ɗaukar kaya sama da tan 2. In 'yan tada ƙayar baya ne a daji ko sintirin kan iyaka, wallahi zai yi aikin, kuma da sauƙin kuɗi a kan tada babban jirgi. Amma 'yan talla su rage zuzutawa don Allah. Injinsa ba shi da abin nan mai ƙara wuta a bututun baya, saurin sautin da ainihin M-346 ɗin ya wuce a 2008 ma sai da ya sunkuyo ƙasa, in ka tura shi inda ake da makaman kakkaɓo jirage na zamani kai ka jiyo.

Sannan jiki ɗaya ne fa, awoyin tashinsa ƙidayayyu ne, duk awar da ya yi yana jefa bam an cire ta ne daga rabon ɗalibai. Inji biyun ma akwai kwanciyar hankali in ɗaya ya mutu a sama, amma makanikai aiki biyu ne a kansu.

A koyarwa na ba shi 9 cikin 10. A yaƙi 6, shi ma don radar ne.