Ballotpedia: inda ake bin sawun alƙalan Amurka masu neman ƙuri'a

Ɗaliban shari'a na Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tahoua sun saba da hanya guda ta zama alƙali: mutum ya kammala karatu, ya ci jarrabawar gasa, ya samu horo a Yamai, sannan hukuma ta naɗa shi ta tura shi Konni ko Madawa ko Difa. Shi ya sa idan aka gaya musu cewa a Amurka alƙali yakan liƙa hotonsa a bakin titi yana roƙon ƙuri'a, sai su ɗauka raha ake yi. Wanda yake son ya ga zahirin lamarin, ban san wurin da ya fi Ballotpedia sauƙin farawa ba. Rumbun bayanai ne na intanet kan zaɓuɓɓukan Amurka, wanda cibiyar Lucy Burns da ke jahar Wiskonsin take gudanarwa ba don riba ba. An buɗe shi a 2007, kuma a 2015 aka haɗe shi da takwaransa Judgepedia, wanda ya keɓanta ga alƙalai da kotuna. Kyauta ake karantawa, ba a kuma buƙatar rajista.

Babban amfaninsa shi ne yana kawar da zaton cewa Amurka tsari ɗaya gare ta. Alƙalan tarayya shugaban ƙasa ne yake gabatar da su, majalisar dattawa ta tabbatar, su riƙe kujera har mutuwa ko murabus. Amma mafi yawan shari'o'i, daga sata zuwa rabuwar aure, a kotunan jahohi ake yanke su, kuma jahohi 39 suna amfani da wani nau'in zaɓe ga alƙalansu. Kowace jaha tana da bayaninta daban a rumbun: yadda ake hawa kujera, tsawon wa'adi, da sharuɗɗan tsayawa. A Tekzas alƙalin kotun gunduma yana takara ƙarƙashin tutar jam'iyya, wa'adinsa shekara 4. A Kalifoniya ba a sa sunan jam'iyya, wa'adin shekara 6 ne, kuma sai lauya ya shekara 10 da samun lasisi kafin ya cancanta. Bajiniya da Karolina ta Kudu kuwa 'yan majalisa ne suke zaɓen alƙalai. Akwai kuma tsarin da jahar Mizuri ta ɓullo da shi a 1940, inda kwamiti yake tantance sunaye, gwamna ya naɗa ɗaya, daga baya a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko ya sauka.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne tarihin alƙali ɗaya ɗaya, domin a nan ne ake ganin abin da dokar da ke rubuce ba ta faɗa. Mai bin alƙalan Kalifoniya zai lura cewa da yawansu gwamna ne ya fara naɗa su don cike gurbi, kuma idan wa'adi ya cika babu abokin hamayya, sunansu ma ba ya fitowa a takardar ƙuri'a. Ke nan zaɓen yana nan a doka, amma ba kullum yake aiki ba, sai ranar da jama'a suka fusata. Hakan ta faru da Alƙali Aaron Persky na gundumar Santa Kilara, wanda a 2016 ya yanke wa wani ɗalibin Jami'ar Stanford ɗaurin wata 6 a kan laifin cin zarafin mace. A watan Yuni na 2018 sama da kashi 60 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka tsige shi, abin da ba a yi wa wani alƙalin jahar ba tun 1932. Rumbun ya jera matakan tsigewar da hujjojin ɓangarorin biyu ba tare da ya goyi bayan kowa ba, kuma wannan kamewa abin yabo ce, domin batun yana da wuyar warwarewa: masu tsige shi sun ce hukuncin ya raina wadda aka zalunta, masu kare shi kuma sun ce daga ranar kowane alƙali zai riƙa tsananta hukunci don tsoron rasa kujera.

Sakamakon Tekzas ya fi ban tsoro a ganina. A zaɓen 2018, a gundumar Haris inda birnin Hustan yake, jam'iyyar Dimokurat ta lashe dukan kujerun alƙalai 59 da aka yi takara a kansu, saboda a lokacin mai ƙuri'a yana iya zaɓen jam'iyya gaba ɗaya da alama guda. Alƙalan jam'iyyar da ta sha kaye, nagari da mugu, duk guguwar ta kwashe, kamar yadda gobarar daji ba ta tantance ɗanye da busasshe. Jahar ta daina irin wannan ƙuri'a daga 2020.

Sai dai akwai iyakar da ya kamata mai amfani ya sani tun farko. Rumbun yana nuna yadda alƙali ya hau da yadda ya sauka, amma ba ya auna ingancin shari'arsa, ko yawan hukuncinsa da kotun ɗaukaka ƙara ta soke. Bayanin alƙalan kotun ƙolin jaha da na manyan birane a cike yake, na ƙananan gundumomi kuwa sau da yawa bai wuce suna da kotu da shekarar zaɓe ba, alhali su ne talaka yake tsayawa gabansu. Batun kuɗin yaƙin neman zaɓe ma taƙaitawa ake yi. Za ka samu labarin shari'ar Caperton ta 2009, inda shugaban wani kamfanin kwal ya kashe kimanin dalar Amurka miliyan 3 don taimaka wa ɗan takarar kotun ƙolin Bajiniya ta Yamma, da ta Williams-Yulee ta 2015, inda kotun ƙolin Amurka ta amince jaha ta hana ɗan takarar alƙalanci roƙon kuɗi da bakinsa. Amma mai rubuta kundin kammala karatu dole ya koma ga ainihin rubutun hukunce-hukuncen.

Kusan komai da Ingilishi yake, kuma fassarar na'ura zuwa Faransanci tana rikita sunayen kotuna, don haka gara a karanta tare da wanda ya ji harshen. Jadawalin sakamako ya fi karantuwa a kwamfuta fiye da salula. Sashen da ke nuna wa mutum samfurin takardar ƙuri'arsa yana neman adireshin Amurka, amma idan malami ya shigar da na wani ginin gwamnati a Hustan gab da zaɓe, ɗalibai za su ga tsawon jerin alƙalan da ake sa ran mutum ɗaya ya tantance a rumfar zaɓe.