Ledar firizim a tabarau: ta rage mini gani biyu, zafin Sakkwato ya fi ƙarfinta

Ledar firizim, wadda ake kira Fresnel, wata siririyar roba ce mai ƙananan layuka da ke karkatar da haske don hoton da ya rabu biyu ya haɗe. Ana yanka ta daidai gilashin tabarau, a jiƙa da ruwa, a manna ta ciki. Likitan ido ne ya rubuta mini ita bayan cutar multiple sclerosis, wato MS, ta sa ina ganin abu ɗaya ya zama biyu.

A wannan cuta garkuwar jiki ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Hoton MRI ya nuna tawa ta taɓa hanyar da ke daidaita motsin idanu a gindin ƙwaƙwalwa. In na dubi hagu, idon dama sai ya yi nawa ya maƙale a hanya, na hagu kuma ya kama rawa.

Kallon gaba kam ledar ta yi aiki, alhamdu lillahi. Layukan Alƙur'ani sun daina hawa kan juna, shayi kuma a kofi yake sauka, ba a faranti ba. An manna ta a gilashi ɗaya kawai, in karkatar idon ta canza sai a ɓare a sa wata, ba sai an yi sabon tabarau ba.

Amma da na waiga gefe hoton ya sake rabuwa, dole in juya kai gaba ɗaya kafin in tsallaka titi. Ledar tana dusashe gani kaɗan, fitilun mota da dare har wutsiya suke ja. Ƙurar hunturu kuwa cikin layukan take kwanciya, goge ta da bakin riga ba ya fitar da ita, sai wanki da ruwa.

Babban abin shi ne zafi. A Afrilu, in ya haura digiri 40, idon da jijiyarsa ta taɓa kumbura sai ya yi hazo, jan launi ya koɗe. Likitan ido ɗan Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana irin wannan hazon tun 1890 a masu cutar in sun motsa jiki, daga baya aka gano dalili: ɗumin jiki na rage gudun saƙo a jijiyar da rigarta ta lalace. Nan ledar ba ta da ta cewa. Inuwa, ruwan randa da jiƙaƙƙen tawul a wuya ne ke dawo da ganin.

Kada a saye ta da ka, sai an auna karkatar idon. Wanda kuma ya ji ciwo in ya juya ido, gani na raguwa, asibiti zai nufa, ba shagon tabarau ba.