APA, SAGER ko Ƙa'idar Mujalla: Wanne Mai Binciken Halayyar Ɗan Adam Zai Riƙa?

Duk wanda zai aika bincike ga mujallar ilimin halayyar ɗan Adam, yanzu ana iya tambayarsa yadda ya bayyana jinsin mutanen da ya yi nazari a kansu. Jagorori uku ne a gabansa, ɗaya kawai ake saye da kuɗi.

Shi ne littafin APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. Ƙarfinsa a zaɓen kalma yake. Yana raba jinsin halitta da matsayin da mutum da al'ummarsa ke ɗora wa jinsi, yana kuma hana a kira mutane da sunan da zai muzanta su. Sai dai kafin ka fitar da kuɗinka, leƙa shafin APA a intanet, domin bayanin jinsi yana can kyauta. Littafin ya fi amfani ga mai buƙatar tsarin rubutu gaba ɗaya.

Ni dai na biyu na fi so, wato SAGER, jagoran yadda ake bayyana jinsi a rahoton bincike. Ƙungiyar editocin kimiyya ta Turai, EASE, ce ta fitar da shi a 2016, ba a biyan ko sisi, kuma gajere ne. Yana bin takarda sashe-sashe. Idan mata kaɗai ka yi wa tambayoyi, a ga haka a take da taƙaitaccen bayani. A sakamako, ware alƙaluman maza da na mata, kowanne da layinsa a jadawali, ko da ba ka ga bambanci ba. Idan ba ka ware ba, faɗi dalili. Wannan na da muhimmanci ƙwarai: binciken damuwa da aka yi a kan ɗalibai maza zalla, aka buga shi kamar ya shafi kowa, mata ne za su cutu a ɗakin likita. Amma fa tun ana tsara takardar tambayoyi ake buɗe SAGER. Bayan an gama tattara bayanai, bakin alƙalami ya bushe.

Na uku, ƙa'idar mujallar da ka nufa. Mujallun Nature, alal misali, tun 2022 suke neman marubuci ya faɗi yadda ya san jinsin mahalarta: su suka faɗa da bakinsu, ko daga rajista aka ɗauko? Wasu mujallun kuwa layi ɗaya ne, ko su tura ka ga SAGER. Inda ƙa'idar mujalla ta saɓa da sauran biyun, ita edita zai duba, don haka karanta ta kafin ka rubuta sashen hanyar bincike.