Daga Habasha: Inda Akuya da Fure Ke Hawa Jirgi

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen gida. Ni ma lafiya ƙalau, sai sanyin garin nan da har yau jikina bai saba da shi ba. Adis Ababa a kan tudu take, sama da mita 2,300, in damina ta kankama ko da rana tsaka ba ka rabuwa da rigar sanyi.

Ran nan a waya ka tambaye ni me mutanen Habasha suke sayarwa har suka tara jirage haka, su da ba su da teku. Layi ya katse ban ba ka amsa ba. Amsar tana da tsawo, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka san aikina shi ne yi wa 'yan kasuwa takardun kaya, don haka sau da yawa a ƙofar sashen kaya na filin jirgin Bole nake yin asuba. Ranar da na fara zuwa na daɗe a tsaye ina kallo. Manyan motoci masu firji ne jere, injinansu na ta gurnani. Aka buɗe ɗaya, sai ga awaki feɗaɗɗu rataye, kowace an naɗe ta da farin ƙyalle, ga hatimin likitan dabbobi. Direban ya ce daga Mojo ya taso, garin da ke da nisan kilomita kamar 70, inda manyan mayankarsu suke. Yankan Musulunci ne, domin Dubai da Saudiyya za a kai. Naman bai daskare ba, sanyi kawai aka ba shi, kuma kafin ya kwana biyu yana kan teburin mahauci a ƙasar Larabawa.

Wallahi Yaya, kai na tuna. Na tuna lodin da ka yi daga Wudil zuwa kudu, kwana da kwanaki a hanya, shinge bayan shinge, awaki suka isa a rame, wasu ma ba su isa ba. Ga mu da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda duniya ta san fatarta, ga Maigatari, ga abbatuwa a tsakiyar gari, ga filin jirgi a bayan gida. Nan kuwa akuyar makiyayin yankin Borana ko na yankin Somali na Habasha, da dala ake biyan kuɗinta.

Bayan nama sai fure, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. Mu a gida wa zai noma fure ya ce sana'a yake yi? Su nan bayan Kenya babu mai fitar da shi kamarsu a Afirka. Na je Ziway, kudu da Adis, na ga rumfunan leda iya ganinka a bakin tafki, cike da furen wardi. Dubban mutane ke aiki a ciki, yawancinsu mata. Da safe a yanka, a jera tsawo ɗaya, a ɗaure, a sa a kwali, a shigar ɗakin sanyi. Da dare yana Bole, gari na wayewa ya sauka a Liyej ta Beljiyam, daga nan mota ta wuce da shi kasuwar gwanjon fure a Holan. Kaya ne da ba ya jira. In jirgi ya yi latti ko wuta ta ɗauke a ɗakin sanyi, an yi asara ke nan. Saboda haka gonar ba za ta taɓa ɗorewa ba in babu jirgin, kuma a kan gonar mai yin kwali yake ci, da direba, da bakanike, da mai shayin bakin ƙofa, da mai ba da hayar ɗaki.

Abin ya samo asali. An kafa kamfanin Ethiopian Airlines a ƙarshen 1945, ya fara tashi zuwa Alƙahira a 1946. Sarki Haile Selassie ya wuce, sojoji sun zo sun wuce, an yi yaƙi an yi yunwa, kamfanin na nan, kuma har yau na gwamnati ne. Da Eritiriya ta ɓalle a 1993 suka rasa bakin teku, kayansu masu nauyi sai ta Jibuti, sai suka ƙara riƙe sama da hannu biyu. Suna da makarantarsu ta koyar da tuƙin jirgi da gyaransa, har 'yan wasu ƙasashen Afirka na zuwa karatu. A 2019 suka faɗaɗa ginin fasinja, suka buɗe otal ɗinsu na Skylight kusa da filin, yanzu kuma hankalinsu na kan sabon babban filin jirgi a wajen garin Bishoftu.

Mu fa mun riga su. Tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma filinmu ne mafi tsufa a Najeriya. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin lokacin da jiragen Turai ke yada zango a Kano kafin su wuce kudancin Afirka. KLM ta yi shekaru fiye da sittin tana zuwa kafin ta daina a 2012. Yau 'yan Kantin Kwari da ke zuwa Gwanzu ta China ko Dubai, da yawansu a nan Bole nake haɗuwa da su suna jiran jirgi na biyu. In jiran ya yi tsawo a kai su masauki su kwana, su ci abinci, su sayi gahawa da gyale na tsaraba. Kuɗin Kano ne yake zama a Adis. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Kada ka ɗauka komai daɗi ne. Matan gonar fure albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma mutanen Ziway na kukan ruwan tafkin da magungunan feshi. Tun da aka saki kuɗinsu, bir, ya nemi farashinsa a kasuwa a 2024, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Hayar gida a unguwar Bole sai mai ƙarfi, ni kaina na koma can gefen gari. Nama kuwa, duk da awakin da ke hawa jirgi, talaka ba ya cinsa yadda muke ci a gida. Babu mai tsire ko balangu a kowace kwana irin namu. Shagunan mahauta ma a rabe suke, na Kirista da alamar gicciye, na Musulmi da jinjirin wata, kuma in azumin Kiristocinsu ya zo nasu shagunan rufewa suke yi. Gahawa ce dai ba a magana: a bakin titi mace za ta soya ta a gabanka, ta daka, ta dafa a ɗan tulun ƙasa, ga turaren wuta na tashi. Wutar lantarki kuma ta fi tamu zama nesa ba kusa ba, daga madatsun ruwa suke samunta, kuma ita ce ke riƙe da ɗakunan sanyin nan. Yajinsu berbere yana da daɗi, amma bai kama ƙafar yajin Hajiya ba, daddawa kuwa ko labarinta ba su sani ba.

Game da shawarar da ka nema a kan ƙara jari a lodin kudu, ni dai a ganina ka dakata tukuna. Ka samu abokan sana'arka uku ko huɗu ku je sashen kaya na filin Malam Aminu Kano, ku tambayi ko akwai ɗakin sanyi mai aiki, da nawa ake biya a kan kilo zuwa Jidda, da irin takardun likitan dabbobi da Saudiyya ke nema kafin ta karɓi nama daga wajenmu. Jirgin Habasha yana sauka Kano, ni kuma na san masu harkar a wannan ɓangaren, zan tambayo muku yadda mutanen Mojo suka samu izininsu. Duk abin da aka faɗa muku ka rubuta, ka turo mini kafin ƙarshen wata.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata in an samu mai tahowa ta aiko mini da daddawa da kuka.

Ƙaninka.