Jiƙa inji a gida ko kai shi makhraɗa: amsa ga mai injin Hilux

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka ɗauko injin Hilux 2TR daga tashlih na Briman, wato kasuwar kayan tsofaffin motoci a Jidda, da ka ɗaga kan injin sai ka tarar da tsatsa a silinda biyu, saman fistan kuma ya yi baƙi ƙirin da kabon. Kana tambaya ko a jiƙa shi da dizal a goge a gida, ko kuwa a sauke komai a kai makhraɗa, wato shagon da ake sassaƙar ƙarfen inji.

Kabon ɗin da ya tayar maka da hankali shi ne ƙaramin al'amari, duk injin da ya yi tafiya yana da shi. Tsatsar ce abin dubawa. Kuma ba mamaki silinda biyu kawai ta kama: inji idan ya tsaya, dole wasu bawul su kasance a buɗe, ta nan iskar Jidda mai danshi da gishirin teku take shiga, ta yi watanni tana aikinta.

Mu fara da ta gida. Fistan yana nan a wurinsa, ka zuba dizal ko man giya ATF da asiton rabi da rabi, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka juya kiranshaf da sifana a hankali, gaba da baya. Kada ka kuskura ka buga masa kik, zoben da tsatsa ta riƙe nan take yake karyewa. Idan fistan ya hau sama, ka shafa giris a gefensa don ya tare dauɗa, ka kankare kabon da roba mai tauri ko katako. Wannan hanya ba ta cin kuɗi, kuma tana wadatarwa idan tsatsar ta sama-sama ce, irin wadda tsumma ke ɗaukewa ya bar ƙarfe sumul.

Matsalarta ita ce inda ciwon yake ba ta kaiwa. Kabon da ke sa inji shan baƙin mai yana cikin ramukan zobe ne, da ƙananan hujojin da ke bayan zoben mai, waɗanda mai ke bi ya koma ƙasa. Daga sama ba ka ganinsu, balle ka share su. Sai a goge saman fistan yana ƙyalli, a ɗaure inji, bayan wata guda shuɗin hayaƙi ya biyo salansa, ga fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, na jiran mutum. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu sa sanfefa ko soson Scotch-Brite alhali fistan na ciki. Garin da ke zuba daga sosan nan yashi ne mai cin ƙarfe, yana gangarawa ta gefen fistan ya shiga mai, daga nan sai metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu. An tsaftace silinda, an kashe kiranshaf.

Ta biyu kuwa aiki ce sosai: a sauke kwanon mai, a kwance kwanrod, a fitar da fistan ta sama, kowanne a sa masa lamba har da murfinsa, domin ba a musanya su. Fistan alminiyam ne, saboda haka ban da soda mai ƙuna, ban da maganin wanke oba, suna cinye shi. Burushin waya na inji ma ban da shi a jikin fistan. A jiƙa shi a maganin wanke kafireta, a karya tsohon zobe a bi ramukan da shi a hankali, kabon ake cirewa ba ƙarfe ba, sannan a buɗe hujojin mai ɗaya bayan ɗaya.

Silinda kuma, ka sa farcenka bayan an share tsatsar. Idan farce ya wuce bai maƙale ba, honin ya isa: a bi bangon da dutse don a dawo da zanen nan mai gicciye, kusan digiri 45, wanda ke riƙe mai har sabon zobe ya zauna. Idan farce yana maƙalewa a ƴan ramuka, musamman can sama inda zobe ke kai-komo, to honin ba zai cike rami ba. Sai mai makhraɗa ya auna faɗin silinda sama da ƙasa, ya ga ko ta buɗe ko ta karkace, a ƙara mata faɗi a sa fistan obasayiz, yawanci ƙarin milimita 0.50. A nan ka yi dace, bulon 2TR ƙarfen zubi ne, silinda milimita 95, yana karɓar wannan aiki. Wasu injinan Jamus masu bulon alminiyam irin na Nikasil ko Alusil ba a yi musu haka kai tsaye, kada wani ya kwafi wannan amsa ya kai BMW ɗinsa.

Da ni ne kai, tunda injin yana ƙasa, kansa a buɗe, gasket ɗin ma dole ka sayi sabo, zan fitar da fistan. Wahalar da ta rage kaɗan ce idan aka gwada da sake sauke inji daga mota. Jiƙawa na bar wa wanda tsatsarsa ta fita da tsumma kuma yana buƙatar motar ta fita neman abinci gobe.

Idan bulon ya dawo daga sina'iya, wato unguwar garejoji, kada ka yarda da wankin da suka yi. Fetur da dizal ba sa fitar da garin honin, ruwan zafi da sabulu da burushin roba ne ke fitar da shi. Ka yi ta wankewa har sai farin tsumma mai ɗan mai ya shiga silinda ya fito fari. Ka busar da iska, ka shafa mai nan take, domin a garin nan ƙarfen da aka wanke kafin ka sha shayi ya fara ja. Kafin ka ɗaura zobe, ka saka kowanne cikin silindarsa ka auna tazarar bakinsa da fila geji bisa littafin injin. Allah Ya sa a dace.